Kiran da Ya Tayar da Janbaki

Susanna ta kai shekara tara tana waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocinsu da ke Badariya, a Birnin Kebbi. Murya gare ta mai kauri, wadda in ta taso daga ƙirji har na bencin baya sai ya ji ta a jikinsa. Tana da siririya ta sama kuma, mai daɗin gaske. Tsakanin biyun ne matsalar take. Da zarar waƙa ta hau, ta kai inda muryar ƙirji za ta miƙa wa ta kai, sai ta karye ƙaras, kamar an taka busasshen kara.

A wannan shekarar Malam Obed, shugaban mawaƙan, ya ba ta baitin da za ta rera ita kaɗai ranar Kirsimeti, baitin kuwa a daidai wurin nan yake hawa. Ya koya mata ta riƙa kaɗa leɓɓa kamar ana tayar da babur, ta rufe baki ta ja "mmm" daga ƙasa zuwa sama, ta yi "uuu" irin na jiniyar motar asibiti. Wata guda tana yi safe da yamma, muryar tana nan tana karyewa.

Ana cikin haka Ɗayyaba, abokiyar aikinta a makarantar firamare, ta gayyace ta suna a garinsu, Gulma, ta wajen Argungu. Da aka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, sai suka ɗauki kwanon tuwo suka nufi fadama, don kakar Ɗayyaba, Inna Sadatu, ta ƙi baro gonarta. Shinkafa ta nuna, tsuntsun janbaki mai cinye hatsi kuwa ya sauko garin.

Tun daga nesa Susanna ta hango tsuntsayen, dubbai, suna murɗawa a sama kamar hayaƙi, suna neman sauka. A kan wani ɗan tudu wata tsohuwa siririya ta miƙe tsaye, da malfa a kanta. Ta buɗe baki.

Kiran ya faro can ƙasa, mai nauyi kamar na namiji. Ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, bai tsaya ba, bai yi tuntuɓe ba, har ya zama siriri mai kaifi, ya ratsa fadamar ya haye ruwa. Tsuntsayen suka watse gaba ɗaya. Susanna ta kasa kunne tana jiran wurin karyewar, ba ta ji shi ba. Ta tsaya da kwano a hannu, ta manta da shi.

"Mi ya samu ƙawarki, ta tsaya kamar an dasa ta?" in ji tsohuwar, wato Inna Sadatu, tana duban Ɗayyaba.

Susanna ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, don Allah wa ya koya miki wannan?"

"Koyo? Tun ina ɗiya ƙarama nike korar tsuntsu. In ka yi da ƙarfin maƙogwaro, kafin azahar murya ta tahi. Dole ka nemo hanya."

Susanna ta gaya mata damuwarta. Inna Sadatu ta ce ta yi ta ji. Susanna ta ja, muryar ta hau, ta karye. Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta kamo hannun Susanna ta ɗora a nata ƙirjin, ɗayan ta ɗora shi a nata goshin, tsakanin gira da gira, sannan ta sake kiran a hankali.

Susanna ta ji rawar sautin a tafinta na ƙasa. Can sai ta ji ta a na sama ma, alhali ta ƙasan ba ta ɗauke ba. Na ɗan lokaci hannuwanta biyu suna karkarwa tare. Sai daga baya ta ƙirjin ta yi ta raguwa har ta ɓace.

"Kin jiya?" in ji Inna Sadatu. "Ke tsalle kike yi, ɗiyata. In za ki shiga kwalekwale, ƙafa guda kike sawa, sai ta zauna ki ɗauko ta biyu. Wanga wuri ba a ɗaga murya, rage ta ake. Matse bakinki kaɗan. Sake."

Ta sake, ta karye. Ta sake. Ɗayyaba ta gaji ta zauna gindin wata bishiya. Tuwon Inna ya huce. Wajen karo na ashirin, tsuntsayen suka dawo, tsohuwar ta ce, "To, ga su nan. Bar tunanin muryarki, kore min su."

Susanna ta dube su ta yi kira. Muryar ta taso, ta zo wurin, ta wuce sumul kamar babu komai a can. Garken ya tashi sama. Can tsallaken ruwa wani masunci ya ɗago daga kan tarunsa yana waige-waige. Susanna ta dafe bakinta da hannu biyu.

Ba a ranar ta gama ƙwarewa ba. Ta koma Birnin Kebbi ta ci gaba da abin da Malam Obed ya koya mata, amma yanzu da hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a goshi. Wata rana ya yi, wata rana ya ƙi, har ya zo yana yi kullum.

Ranar Kirsimeti da safe ta rera baitinta. Da ta haye wurin, Malam Obed ya tsaya da hannunsa a sama, ya manta bai shigo da sauran mawaƙan ba, sai da mai ganga ya yi gyaran murya.

Bayan an tashi ta ba shi labarin inda ta koyo, ya roƙe ta ta kai shi Gulma. Aka aika wa Inna Sadatu. Ta ce an riga an yanke shinkafa, amma ya taho baɗi in ta nuna, ya zo da malfarsa, don ita guda gare ta.