Roƙon Baƙuwa a Gidan Sagindik

Kun ga roka ta tashi a talabijin, kun tafa, kun koma kan shayinku. Wa ya taɓa tambayar inda gangar jikinta ke faɗowa? Kun sani sarai, kawar da kai kuka yi. A makiyayarmu take faɗowa, kuma nan Tolganai ta girma.

Da wani ɓangaren gangar roka da ya faɗo aka yi wa garken tumakinsu rufi. Tun tana ƙarama take hawa rufin tana ƙwanƙwasa shi, tana tambayar yadda ƙarfe mai faɗin ƙofa bai kai sirdi nauyi ba. Da ta gama sakandare, wata gidauniya da injiniyoyi mata suka kafa don 'ya'yan makiyaya ta zaɓe ta domin ta je birnin Almati ta karanci ƙera jirgin sama da roka. Abu ɗaya ya rage: albarkar kakanta, Sagindik. A wajenmu ba a kama doguwar hanya sai dattijo ya buɗe tafukansa ya sa albarka, kuma Tolganai ta ce ba za ta taka mota ba sai da ita.

Tsohon ya ƙi. Shekarar da wani ɓangaren roka ya faɗo kusa da tsohuwar rijiya, goɗiyoyinsa uku suka sha ruwanta suka mutu. Tun ranar rijiyar ke rufe da dutse.

"Ki je ki koyo jifan kakanki daga sama?" in ji shi. "Kuma ni in sa miki albarka?"

Ran tafiya, Raushan, injiniyar gidauniyar, ta tuƙo mota da kanta ta zo. In ta koma ba yarinyar, gurbin ya zama na wani. Aka yanka mata rago, don ƙin magana ba ya hana karɓar baƙo. Kowa a gidan ya san abin da ke tafe. Baƙo ba ya tashi sai maigida ya tambaye shi abin da yake so, kuma abin da ya roƙa ba a hana shi.

Tolganai na zuba mata ruwan wanke hannu a waje, Raushan ta rage murya.

"Kwantar da hankalinki. Yana tambaya, ke zan roƙa."

"Apai, don Allah kada ki yi," in ji Tolganai, tana kiranta Yaya da harshenmu.

"Ke! Kin san ramukan da na faɗa kafin in iso nan?"

"Ni ba sirdi ba ce, da za a ciro a bango a miƙa wa baƙo. Albarkar da aka murɗe hannu aka karɓa, ina za ta kai ni?"

"To me zan roƙa? Tukunyar shayi?"

Tolganai ta raɗa mata. Raushan ta daɗe tana kallonta, ruwa na ɗiga daga yatsunta.

"In ya ba ni ya sallame ni fa?"

"Sai ki tafi, Apai."

Sagindik ya ja zaman iya ja. Ya ba da labarin dawakin ubansa, ya sa aka ƙaro nonon goɗiya, ya zagi hanya da masu gyaranta. Tolganai na ta tsiyaya shayi. Da rana ta karkata, dole ta sa ya gyara zama, fuska a murtuke kamar mai jiran a cire masa haƙori.

"To, baƙuwa. Faɗi abin da kike so a gidan nan."

Raushan ta kira shi Kaka da harshenmu: "Ruwan tsohuwar rijiya, Ata. Kwalba ɗaya."

 Tsohon ya juyo kan jikarsa.

"Ke kika kitsa wannan, 'yar raƙumata."

"Ni ce, Ata. Ba wanda ya taɓa auna ruwan nan. Masu ƙera roka ba su taɓa shayar da doki ba, ba su san abin da ke ƙasa ba. Bari a samu ɗaya a cikinsu da ta sani. In ka ce in zauna, zan zauna."

 Tsohon ya miƙe, ya ɗauki guga, ya je ya ture dutsen da kansa. Ya dawo da kwalbar a cike. Raushan ta miƙa hannu, ya janye.

"Mutanen birni! Kafin ki kai kwalta kin ɓarar da shi a kujera. Bar wa yarinyar ta riƙe."

Ya buɗe tafukansa biyu. Ya yi addu'ar sa albarka har ƙarshe, kowa ya shafa.

Raushan mace ɗaya ce, motarta ɗaya, ƙauyukan kuwa ba su ƙirguwa. Ku da kuka gama karanta wannan, a makarantar da ke bayan garinku akwai yarinyar da ta fi kowa lissafi, kuma ba wanda ya tambayi sunanta. Ku tashi ku je ku tambaya, ku kai shi wurin masu ba da tallafin kafin a rufe ɗaukar bana.