Kwanon Rashida Mai Jan Fenti

Ku yi mini afuwa, ban isa yin rubutu a gaban manya ba. Labarin ne ya ƙi barina in yi shiru.

A gidan Malam Muttaka da ke Saulawa, tun da farfaɗiya ta fara kayar da ƙaramar 'yarsa Rashida, kakarta Iya ta ware mata kwano, ta ɗiga masa jan fenti a gindi. Cewa ake yi a yawu ake ɗaukar ciwon. Iya ba da ƙiyayya ta yi ba, don ita ke tsame wa yarinyar tsoka mafi girma. Amma dai Rashida a gindin rumbu take ci ita kaɗai, tana leƙen 'yan'uwanta suna wawason faranti guda.

Abin ya tsaya wa yayarta Mukarrama a rai. Sai dai Mukarrama ko sallama za ta yi, sai ta yi bitarta a zuci tukuna.

Ana cikin girbin masara sai ga Gwaggo Ummulhairi, ƙanwar babansu, ta zo hutu. Dakta ce, amma ba ta duba marasa lafiya. A jami'a take binciken farfaɗiya, tana nazarin ƙwaƙwalwar ɓeraye, shi ya sa Iya ke ce mata likitar ɓera. Mukarrama ta yi ta kewaya ta da tambaya a baki kan ko da gaske ana ɗaukar ciwon a yawu, kullum ta ƙare da, "Gwaggo, in kawo ruwa?"

Ranar da aka yi dambun zogale, aka sa Mukarrama rabo. Da gangan ta cika kwanon mai jan fenti, ta ajiye gaban Gwaggo, ta koma bayan turmi ta tsuguna.

Gwaggo ta kai loma biyu kafin Iya ta hango fentin.

"Ummu, cire hannunki. Na Rashida ne."

"To, in ci bashi in biya ta." 

"Ba wasa nake ba. Ciwon nan fa."

Gwaggo ta ɗaga kwanon ta duba gindinsa, ta dubi gindin rumbu. Sai ta yafito yarinyar.

"Rashida, zo ki taya ni, ya yi mini yawa."

Yarinyar ta dubi Iya, ta taso a hankali kamar mai taka ƙaya.

"Iya, kin san gidan biki," in ji Gwaggo, tana gyara wa Rashida wuri. "Akwai masu surutu a tsakar gida, akwai masu kwashe kwanuka da shara. Haka ƙwaƙwalwa take. Da can kowa masu surutun yake kallo. Ni masu kwashe kwanukan nake bi, ana ce musu giliya. In suka gaza, kaya su taru, masu surutu su kaure da ihu gaba ɗaya. Yana cikin abin da ke kayar da mutum. A cikin kai abin yake, babu ruwansa da yawu."

"Ɓerayen ne suka gaya miki?"

"Su ne. Kuma ba su taɓa ware wa ɗan'uwansu kwano ba."

Matan gidan suka yi dariya. Iya ta kame baki, amma kafaɗunta sun motsa.

"In kin ɗauka, kada ki ce ban faɗa ba."

"Shekara da shekaru ina cikin bincikensa, Iya, ga ni garau. Ita dai ta riƙa shan maganinta. In ta faɗi a kwantar da ita a gefe, a daina cusa mata cokali a baki."

Rashida ta sa hannu, yatsunta suka gogi na Gwaggo, ta janye da sauri. Gwaggo ta kamo hannun ta mayar.

Iya ta daɗe tana kallonsu. Can ta jawo kujerarta 'yar tsuguno, tana nishi.

"Matsa mini, ƙawata. In mutuwa ce ma, ni na fi ku kusa. Kai, wannan dambu ya ji mai. An zuba wa baƙuwa an bar ni da gaya."

"Ai ba ki da haƙora, Iya," in ji Rashida a hankali.

"Ji 'yar nema, daga ba ta wuri."

Iya na tauna ta ɗaga kai. "Wai ma wa ya yi rabon nan?"

Kowa na ta dariya. Mukarrama ta ja mayafinta, ta bi ta bayan rumbu ta fice, idonta cike da ƙwallar murna.