Amarya Ta Sake Shigowa

Ranakun aiki kwali nake ɗauka a wani sito a Cheetham Hill. Asabar kuwa sanƙira ne ni. Bikin Hausawa daga Manchester har Birmingham ni ke riƙe makirfo, in jero asalin amarya tun daga kakannin kakanninta, ko goggo ɗaya ba na tsallakewa. Ban yi boko ba. Wannan na iya, kuma saboda shi ake gaishe ni.

Ranar da aminina Junaidu ya aurar da 'yarsa Su'ad a Perry Barr, na tarar an ɗauko wata Murna, mai haɗa gajeren bidiyon nan na waya da ake turewa da yatsa.

Amarya ta shigo, na ɗauki kirari. Ina kan dangin uwa sai Murna ta ɗaga hannu.

"Sorry Baba, hasken bai yi ba. Za ta fita ta sake shigowa. Kuma ka taƙaita, ba mai tsayawa jin sunayen matattu."

"Ta fita ina?"

"Waje mana. Take two."

Na dubi Junaidu. Ya ce, "Malam Habu, yi haƙuri, zamani ne."

Aka juya yarinya da ƙawayenta kamar an yi ɓatan hanya. Raina ya ɓaci. Da makirfon a bakina na ce, "A garinmu sau ɗaya amarya ke shiga. Mai shiga ta biyu bazawara ce!"

Wuri ya ɗauki dariya, ban da uwar amarya. Wayoyi kuwa duk suna sama.

Kafin in iso Manchester magana ta kai Kano. An yanke kirarin kaf, an bar wannan kaɗai. A jami'arsu har yau da "bazawara" ake tsokanar Su'ad. Junaidu ya daina ɗaga wayata.

Gayyata dai ta ƙaru. Makon jiya aka kira ni Levenshulme. Na zauna da uwar amarya, na haddace danginta tsaf. Ina isa abokin ango ya tare ni.

"Baba, kar ka wahalar da kanka. Za ta shiga, ta fita, ta dawo, sai ka saki abin nan naka."

"Asalin nata fa?"

"Wa zai kalla?"

Na faɗa musu abin nasu. Suka yi ihu, suka zare makirfon daga hannuna suka miƙa wa mai kiɗa. Ko sunan ubanta ban kira ba.