Wanda Za A Ƙona Wa Glenda

Ran share kaburbura na al'adar mutanen Sin, Chau Kam-fai ya shiga maƙabartar Bendigo da ambulan biyu a hammata. Yayarsa Suk-ling tana biye da shi da kwando, tana haki, tana tsine wa gwiwoyinta. Sanyin watan Afrilu ya fara shigowa.

Kam-fai ya yi shekarunsa yana koyar da adabi ga yaran da ba su son karatu, ya yi ritaya ba tare da ya canja ra'ayinsa a kansu ba. Mutum ɗaya ya taɓa samu da ta iya gardama da shi, ya aure ta. Sunanta Glenda, Baturiya ce, kuma ita ce a ƙarƙashin dutsen da suka tsaya a gabansa.

Suk-ling ta cire ciyawa, ta jera lemo da gasasshen nama, ta kunna turare. Kam-fai ya zuba shayi da madara a kofi ya ajiye.

"Madara a shayin mamaci," in ji Suk-ling. "Kakanninmu suna kallonka."

"Su kalla, Yaya. Haka take sha."

Gardamar Kam-fai da Glenda guda ɗaya ce tun ranar da suka haɗu: labaran matafiya na ƙarya, waɗanda marubuci ke tura mutum ƙasashen da babu su don ya zagi mutanen garinsu. Glenda ta ce na Ingila sun fi. Matafiyinsu yana auna komai, yana shirga ƙarya fuska a murtuke kamar mai ba da shaida a kotu, sannan ya dawo gida ya dubi maƙwabtansa ya ga su ne dodannin. Kam-fai ya ce wannan rashin tarbiyya ne. Matafiyin Sin yana zagi cikin ladabi, yana rusunawa yana yanka, kuma idan ya gama ganin wautar duniya ba ya dawowa ya toshe hanci a tsakar gidansa. Dutse yake hawa ya ɓace.

"Ya ɓace ya bar matarsa da wanke-wanke," Glenda takan ce.

"Naku ya dawo ya hana tasa sakat. Wa ta fi hutawa?"

Da tsufa ya zo, sai suka ce bari su rubuta nasu. Babi ɗaya ita, babi ɗaya shi. Shi ya kai matafiyin wata ƙasa inda ake bin layi tun daga haihuwa, kowa yana ba wa na gabansa haƙuri, babu wanda ya san me ake rabawa. Ita ta rama, ta kai shi ƙasar da ba a gaida mutum sai an tambaye shi sakamakon jarrabawar ɗansa. Haka suka yi ta caccakar dangin juna a kan teburin kicin, suna jin daɗi. Sai ƙarshen labari ya gagara. Glenda ta rubuta nata a gadon asibiti, matafiyi ya dawo gida. Kam-fai ya rubuta nasa bayan an binne ta, matafiyi ya hau dutse. Yanzu wani mai ƙaramar maɗaba'a a Melbourne ya yarda zai buga littafin, amma ƙarshe ɗaya yake so.

Suk-ling ce ta kawo maganar ƙonawa. Abin da aka ƙona wa mamaci a hasumiyar ƙona kaya yana isa gare shi, ya zama nasa, kuma mai rai ba ya ajiye kwafinsa a ɓoye. Ƙarshen labari biyu ne, kowanne a ambulan ɗinsa: ɗaya ya tafi wa Glenda, ɗaya ya tafi Melbourne.

Suka taka zuwa hasumiyar, ɗan ginin jan bulo mai baƙin baki. Suk-ling ta fara jefa kuɗin takarda na wasa da ake ƙona wa matattu, wuta ta kama.

"Miƙo na Baturiyarka," ta ce. "Kayanta ne, a mayar mata. Naka ya shiga littafi. Ka yi nasara, Fai, ba ta nan balle ta ce uffan."

"Abin da ke damuna ke nan."

"Me ke damunka? Tun muna yara kake son a ce kai ne mai gaskiya. Baba ya mutu bai ce maka ba. Ga dama ta samu."

Kam-fai ya dubi ambulan ɗin biyu. Ya san nasa ya fi kyau. Ya karanta shi sau da yawa, bai ga kalmar da zai cire ba: matafiyin ya ajiye takalmansa a gindin dutse, ya hau, gajimare ya rufe shi. Na Glenda kuwa rubutun mai jin jiki ne, layukan suna karkacewa, matafiyin ya dawo ya tarar matarsa ta ba da hayar ɗakinsa, ya zauna a baranda yana kushe duk wanda ya wuce. Ya san wa take nufi.

"Yaya, in na aika mata nata, me za ta yi da shi? Ta san abin da ke ciki."

"Ta adana. Matattu ba su da aikin yi."

"Ba ki san Glenda ba. Za ta karanta layi biyu ta ce, ya dawo min da nawa, ya ji tsoron nuna min nasa."

Suk-ling ta riƙe ƙugu. "Kai dai ba ka da lafiya. Za ka ƙona aikinka don kada gawa ta yi maka dariya? Kana da wani a gida?"

"Ke kika ce ba a ajiyewa."

"Na ce, amma ban zaci za ka ji maganata ba. Yaushe ka fara?"

Kam-fai ya ware ambulan ɗinsa. Ya zaro alƙalami. Dole a rubuta sunan mai kaya a bayan ambulan, in ba haka ba fatalwowin da ba su da dangi su wawashe a hanya. Ya rubuta sunan Glenda da harafin Turawa, manya-manya, don ta sha yin ƙorafin rubutunsa. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya.

"Me ka sa?"

"Na ce ta karanta har ƙarshe kafin ta fara zagi."

"Ba za ta bi ba."

"Na sani."

Ya tura ambulan ɗinsa cikin bakin hasumiyar. Takardar ta naɗe, ta yi baƙi, ta tashi. Suk-ling ta ƙara kuɗin takarda a kai don wutar ta ci sosai. Abin da bai ƙone duka ba, a yage yake isa.

Suka tsaya har toka ta kwanta.

"To, matafiyinku ya dawo gida ke nan," in ji Suk-ling. "Turawa sun ci."

"Masu saye za su karanta na Turawa. Wadda ta iya karatu tana karanta nawa yanzu, kuma ranta yana ɓaci, don ta ga ya fi nata."

"In ta zo maka a mafarki da tsintsiya, kada ka kira ni."

"In ta zo, ina da amsa. Na shirya ta tun bara."

Ya gyara ambulan ɗin Glenda a hammata, ya karɓi kwandon daga hannun yayarsa. Da suka bi ta gaban kabarin, shayin ya huce, madara ta yi yana a sama. Ya zubar a gindin dutsen, ya sake cika kofin da mai zafi, saboda babin da take karantawa da tsawo.