Matar da Telmo Ke Kashewa Kullum

Sau uku a rana Dona Graciete take mutuwa, kuma duk a kan kunnenta, tana zaune bakin taga tana yanka albasa.

Shekara biyu da suka wuce wani mai zane ya zo unguwarsu a Lisbon, ya shimfiɗa fuskarta a bangon gidan, tun daga ƙasa har hawa na uku, da kwandon kifin da ta yi shekara arba'in tana talla a ka. Ba ta ƙi ba. Matsalar ita ce Telmo, ɗan maƙwabciyarta mai yawo da baƙi 'yan yawon buɗe ido. Da ya kwaso su daga gidan tarihi sai ya tsayar da su a gindin bangon, ya dafa ƙirji, wai mijin matar nan teku ta cinye, ita kuma baƙin ciki ya kashe ta. Turancinsa ba ta ji, mai burodi ce ta fesa mata.

Teku? Wace teku! Mijin nata Albano da ƙafarsa ya bi wata mai gyaran gashi zuwa Faransa, ita ta yi ta fama har ta raini 'ya'ya huɗu. Abin da ke ƙona mata rai ke nan, a ce ta mutu saboda wannan ragon.

Ran Talata ta sauko da wuƙar albasar a hannu.

“Kai Telmo, mara kunya! Ni na yi maka wankan jarirai, yau kai ke binne ni?”

“Haba Dona, ki rufa min asiri, aiki nake.”

“Fassara musu! Ka ce ga ni da raina, mijina guduwa ya yi, kuma ko ɗigon hawaye ban zubar ba.”

Telmo ya juya ya yi ta zuba Turanci. Baƙin suka dubi bango, suka dube ta, jikinsu ya yi sanyi. Wata doguwa ta rungume ta tana sheshsheka. Graciete ta ji daɗi har cikin ranta, yau dai gaskiya ta fito.

Da suka yi gaba ta riƙo hannun rigarsa.

“To ita waccan kukan me take yi?”

Ya sosa ƙeya. “Ta'aziyya take miki, Dona. Na ce musu ke ƙanwar marigayiyar ce.”