Sallamar Eusebio

Odalys ta tsaya a ƙofar ɗakin gyaran injuna, ta kasa shiga. Kwamitin ma'aikatan masaƙarsu ta gwamnati da ke garin Holguín ya zauna jiya, domin gwamnati ta ce ba za ta iya ci gaba da riƙe kowa da kowa ba, dole a rage mutane. Ita, shugabar kwamitin, aka ɗora wa gaya wa makanike Eusebio cewa yana cikin masu tafiya.

Wannan dattijo shi ya koya mata aiki tun tana budurwa. Ta yi faɗa a kansa a zaman kwamitin har muryarta ta dishe, amma aka rinjaye ta. Rabin injunan sun mutu, babu kayan gyara, makanikai kuma sun yi yawa.

Ta same shi yana tace kofi da tsumma.

"Shigo mana, shugaba. Ko sai an shimfiɗa miki darduma?"

Ta zauna, ta faɗa masa ba tare da ta dube shi ba. Ta ƙara da cewa za ta kai ƙara ƙungiyar ƙwadago ta lardi, ba za ta bari ba.

Eusebio ya miƙa mata kofi. "'Yata, ki yi wa Allah kada ki taimake ni."

Ya ce shekara da shekaru yana gyaran fanka da tukwanen lantarki a bayan gidansa, ƙofa a rufe, rediyo a ƙure don kada maƙwabta su ji guduma. Yanzu doka ta yarda mutum ya yanki lasisi ya yi sana'arsa a fili, har allon da zai kafa ya riga ya rubuta. Matarsa Migdalia ce ta rantse ba zai bar aikin gwamnati ba muddin tana numfashi.

"In ni na ajiye, na shiga uku. In ku kuka kore ni, ku za ta zaga."

Odalys ta yi dariya har da ƙwalla. Ta tambaye shi in sana'ar ta ƙi fa? Ya ce yana jin tsoro, amma fankar garin nan ba za ta daina lalacewa ba.

Alfarma ɗaya ya roƙa: ta raka shi gida, ta gaya wa Migdalia da bakinta, ta kuma nuna ranta ya ɓaci sosai.

Odalys ta shanye kofin. Ta ce to, amma su tafi a ƙafa, ko ta samu dariyar ta sake ta kafin su isa.