Kiɗan Mutanen Jawa

Kowane mahauci a kasuwar Tudun Wada yana da takensa, kuma Kailani mai kalangu ne ya san su duka. In ya buga na maigidana Sabo da yamma, unguwa ta san gobe akwai sa mai kitse. Ni kuwa daga madafa nake jiyo shi, sai in ji kaina ya kumbura kamar ni ake yi wa.

Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin gwamnati, suka zo, nama ya daina jiran kiɗa, ma'aikata ke wawarsa tun kafin a gama fiɗa. Shi ma Kailani wani ɗan kwangila ya biya masa Makka. Ya dawo da haƙorin zinare da rantsuwa: wai ya dafa Ka'aba, shi da kalangu har abada.

Bayan nan ne ɓarin jikin maigida ya shanye. Mutumin da ke kayar da bijimi, sai ga shi ana juya shi a tabarma. Bai damu da magani ba, tuwo ma sai da faɗa. Magana ɗaya gare shi: yana so ya sake jin takensa.

Na yafa mayafi na tafi Gyallesu da ƙafata.

"Alhaji, abokinka yana kiranka. Sau ɗaya tak, ka buga masa."

"Atika, na yi wa Allah alkawari."

"To ko shekara nawa kana cin tsokar da yake yankar maka, da wa ka yi alkawarin?"

Ya sunkuyar da kai. Wallahi na so in fasa masa haƙorin nan. Amma na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na juyo ina ta mita har gida.

Washegari bayan la'asar Kailani ya yi sallama, rungume da sabuwar rediyo mai cin kaset. Aka ɗauko maigida zuwa zaure, ni kuma na tsaya bakin ƙofa.

"Sabo," in ji shi, "a Mina tantinmu ya haɗu da na mutanen Jawa, can gabas da nisa. Wani dattijonsu ya ga kantar hannuna, ya nuna mini tasa, muka yi ta dariya ba mai jin yaren wani. Shi ya ba ni wannan kaset ɗin. Tun da ba hannuna ke bugawa ba, ka saurara."

Kai, wani irin kiɗa! Ƙarafa ne ke amo a hankali, kamar ana taɓa tasoshin tagulla cikin ruwa, ga wata ganga a ƙasa tana jan su. Daɗi kam akwai. Amma ni ban zo neman daɗi ba, kewa ce ta ƙara kama ni.

Maigida ya rufe ido yana saurare har kaset ɗin ya ƙare. Sannan ya motsa baki da ƙyar.

"Kailani, taken wa ne wannan?"

"Ban sani ba, Sabo. Na wani ne can garinsu."

"Allah sarki," in ji maigida. "Mai shi ya ji daɗi. Har yanzu ana kiran sa."

Kailani ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su, kada su karya masa rantsuwa. Ni kuwa na koma ciki, don kada su ga fuskata.